Yadda za ka rubuta wa yaran zango labarin aljanu da zai taɓa zuciya

Ƙannena masu turo min labaranku ta WhatsApp, ku matso kusa. Kusan kullum abu ɗaya nake gani, yaro ya tsinci zoben tsafi, ya kashe dodo, ya auri 'yar sarki, ƙurunƙus. Ba wanda ya yi kuka, ba wanda ya rasa komai. Wallahi ɗan ƙaramar sakandare (JHS) da ya riga ya raka gawa maƙabarta ba zai yarda da kai ba.

Kafin ka ƙirƙiro dodon, fara nemo ciwon. Me ke hana ɗan shekara 15 barci a Aboabo ko Asawase, unguwannin zango na Kumasi a Ghana? Uban da ya bi sahara zuwa Libiya shekara uku ko waya babu, yarinyar da ta zo daga arewa tana dakon kaya a kasuwar Kejetia tana kwana a bakin shagon mutane, zaman riƙo a hannun matar uba. Ɗauki ɗaya ka ba shi fuska da haƙora. Kakanninmu ma haka suka yi, marainiyar tatsuniya da aka aika rafi mai nisa ai ba dodon ruwan ne abin tsoronta ba, wadda ta aike ta ce.

Sannan ka je ka zauna da tsofaffi, dan Allah kar ka raina wannan. Tambaye su 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda sati biyu su bar Ghana, za ka ji yadda gida ɗaya ya rabu biyu, wasu suka hau mota ba a sake ganinsu ba. Ko Salaga, tsohuwar kasuwar goro da bayi a arewacin Ghana, rijiyoyinta suna nan har yau. To ka ɗauko yarinya 'yar Kumasi wadda in ta leƙa rijiya take jin muryoyi suna kiran sunayen da kowa ya manta, cikinsu har da na gidansu. Ka ga labari ya samu gindin zama.

Ikon da za ka ba ta kuwa dole ta biya shi. Misali duk sanda ta amsa wa muryoyin nan sai ta manta abu ɗaya na marigayiya mamanta, yau ƙamshin turarenta, gobe muryarta, har mai karatu ya fara roƙo a ransa kar ta sake leƙawa, ita kuma ba yadda za ta yi don ƙaninta na hannunsu.

In mutum ya mutu a labarinka kar ka yi sauri. Nan ne na fi jin takaici, a kashe uwa a shafi na biyar, shafi na shida yarinya na dariya. Bari a yi zaman makoki, a yi addu'ar uku, 'yan ta'aziyya su watse gida ya yi tsit. Kuma kar ka rubuta "ta yi baƙin ciki sosai". Nuna mana ta je sayen koko da ƙosai da safe ta ce a ƙulla mata biyu, sai a hanya ta tuna.

Amma duhu daban, ƙazanta daban. Ba sai ka zayyana jini da hanji ba, kuma in wani zai cutar da kansa kar ka bayyana yadda ake yi, yara kake rubuta wa. Bar mata mutum ɗaya da za ta jingina da shi, kaka ko malamar makaranta. Kar ka mai da boka mai ceto, iyaye za su ƙwace wayar kafin a kai babi na biyu.

In ka gama, tara ƙannenka bayan isha'i ka karanta musu da baki. Inda ka ga ɗaya ya jawo waya, sa alama ka gyara wurin. Inda suka yi shiru suka daina motsi, kar ka taɓa ko kalma ɗaya.