Yadda Za Ka Ladabtar Da Ma'aikacin Gwamnati Ba Tare Da Ka Zalunce Shi Ba

Kai da aka ɗora a kan sashe a ma'aikata, kada ka hukunta na ƙasa da kai cikin fushi. Dokokin aikin gwamnatin tarayya sun shimfiɗa hanya.

Fara da takardar tuhuma. Rubuta laifin ƙarara: ranar da bai zo ba, fayil ɗin da ya kwana a teburinsa, umarnin da ya ƙi bi. "Ba ka da ɗa'a" ba tuhuma ba ce, zagi ne. Ka sa masa wa'adin amsa, ya sa hannu a kwafi cewa ta iso shi. Idan rajistar zuwa aiki ce hujjarka, bar shi ya duba ta. A nan na ga shugabanni da yawa suna sakaci, abin yana ci mini rai, domin abincin iyalin mutum ake taɓawa.

Amsa ba ta gamsar ba? Miƙa wa kwamitin ladabtarwa, kuma kada ka zauna a ciki, tunda kai ne mai ƙara. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin a saurare shi, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa kuwa tana iya mayar da wanda aka kora ba bisa ƙa'ida ba, har da albashinsa na baya.