Babi na 7: Jiha Ɗaya, Mazaɓu Takwas

Duk bayan shekara biyu, a watan Nuwamba, rediyo kan cika da labarin zaɓen Amurka. Za ku ji an ce jam'iyya kaza ta ci kujeru kaza a Majalisar Wakilai. A wannan babi za mu ga inda waɗannan kujeru suke fitowa. Jiha guda za mu ɗauka, wato Minnesota, wadda take arewacin ƙasar, a kan iyaka da Kanada. Kowa ya tanadi fensir da takarda, domin akwai lissafi a gaba.

Tsarin ba baƙo ba ne ga ɗan Najeriya, tunda a 1979 aka kwaikwayo tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka. Majalisar Wakilan Najeriya tana da kujeru 360, Jihar Kano tana da 24 a ciki, kuma wa'adin wakili shekara huɗu ne. Ta Amurka kujeru 435 gare ta, wa'adin kuwa shekara biyu kacal. Ranar zaɓe ba ta canzawa: Talatar da ta biyo bayan Litinin ɗin farko a watan Nuwamba. Waɗanda suka ci sukan kama aiki ran 3 ga Janairu.

Ƙidaya kafin ƙuri'a

Kujerun nan 435 ba daidai wa daida ake raba wa jihohi 50 ba. Yawan jama'a ake bi. Duk shekara goma ana ƙidayar mutane, sannan a sake rabo. A ƙidayar 2020 an sami mutum 5,706,494 a Minnesota, aka bar mata kujerunta takwas.

Da ƙyar ta sha. Kujera ta 435, wato ta ƙarshe, tsakanin Minnesota da Jihar New York aka yi takararta. Da an ƙirga ƙarin mutum 89 a New York, da ita ta ɗauke kujerar, Minnesota ta koma bakwai. Mutum 89 fa, ba su kai jama'ar ɗaurin aure guda ba! Amma su suka raba gardama har tsawon shekara goma. Shi ya sa abin yake mini ciwo idan na ji magidanci ya ce ba ruwansa da masu ƙidaya, ko ya hana a ƙirga matan gidansa da yara. Wanda ba a ƙirga ba, an rage wa garinsu murya a majalisa. A Najeriya rabon da a yi ƙidaya tun 2006.

Yanzu ku yi wannan lissafi a takardarku: 5,706,494 a raba gida 8. Amsar ta ɗan haura 713,000. Adadin mutanen da ya kamata kowace mazaɓa ta ƙunsa ke nan. Doka ta ce mazaɓun jiha su zo daidai a yawan mutane. Faɗin ƙasa ba a duba shi.

Wa ke shata iyakokin? A Minnesota aikin majalisar jiha ne da gwamna. To amma inda aka ja layi yana iya ba wata jam'iyya nasara tun kafin a kaɗa ƙuri'a, don haka 'yan siyasar Minnesota sun sha kasa daidaitawa, kotu ta karɓi aikin. Haka aka yi a wannan karo ma. Alƙalai biyar ne suka zana sabuwar taswira, suka fitar da ita ran 15 ga Fabrairu, 2022.

Mu zagaya mazaɓun

Idan malaminku yana da taswirar, ku nemi mazaɓa ta 5. Sai kun kusanto da ido, don 'yar ƙarama ce. Birnin Minneapolis ne da unguwannin gefensa, mutane a cunkushe. Sannan ku dubi ta 7. Ta mamaye kusan duk yammacin jihar, gonakin masara da waken suya da wani irin gwaza da ake yin sukari da shi. Ƙaramar da babbar, wakili ɗaya ɗaya suke turawa Washington.

Manyan jam'iyyu biyu ne, Republican da Democrat. A Minnesota ana kiran Democrat da suna DFL, domin a 1944 ta haɗe da wata jam'iyyar manoma da ma'aikata. Bayan zaɓen 2024 an yi kunnen doki, huɗu da huɗu. DFL tana riƙe da ta 2, ta 3, ta 4 da ta 5, wato biranen Minneapolis da St. Paul da kewayensu. Republican tana da ta 1 a kudu, ta 6, ta 7, da ta 8 a arewa maso gabas, ƙasar masu haƙar ƙarfe da tashar jiragen ruwa ta Duluth. Saboda haka idan kuka ji an ce wata jam'iyya ta ci Minnesota, ku tambaya: wace mazaɓa? Zaɓe takwas ake yi a rana ɗaya, kowanne da 'yan takararsa da damuwar mutanensa.

Ta 5 ce ta fi suna a wajenmu. A 2006 ta zaɓi Keith Ellison, Musulmi na farko a majalisar dokokin Amurka. A 2018 Ilhan Omar ta gaje shi. An haife ta a Mogadishu, ta yi zaman gudun hijira a Kenya tana yarinya. Sharuɗɗan takara uku ne: shekara 25 da haihuwa, shekara bakwai da zama ɗan ƙasa, da zama a cikin jihar. Ba a ce sai an haifi mutum a Amurka ba.

A irin wannan mazaɓa, inda jam'iyya ɗaya ta yi kaka-gida, zaɓen Nuwamba ba ya tayar da hankalin kowa. Gumurzun yana wajen zaɓen fidda gwani, wanda Minnesota take yi a watan Agusta, kuma talakawa ne suke zuwa rumfa su zaɓa da kansu. A na 2022 Don Samuels ya kusa kayar da Ilhan Omar. Tazararsu ba ta kai ƙuri'a 2,500 ba. Mutane da yawa ba sa fita zaɓen fidda gwani, alhali a nan ake yanke hukuncin.

Kujera kuma ba gadon gidan kowa ba ce. Collin Peterson na DFL ya wakilci mazaɓa ta 7 shekara 30, har ya shugabanci kwamitin noma na majalisa, amma a 2020 Michelle Fischbach ta kayar da shi. A 2018 mazaɓu huɗu suka canza hannu a dare ɗaya: ta 1 da ta 8 suka koma Republican, ta 2 da ta 3 suka koma DFL.

A rumfar zaɓe

Mai zaɓe a Minnesota yana iya yin rajista a ranar zaɓen kanta. In ba shi da takardar da ke nuna inda yake zaune, maƙwabcinsa mai rajista a rumfar yana iya rantsuwa ya shaide shi. Wanda ba zai samu zuwa ranar ba yana iya kaɗa tasa tun saura kwana 46.

Takardar ƙuri'ar babu hoton tsintsiya ko lema, ba a kuma dangwala yatsa. Sunan ɗan takara ne a rubuce, da sunan jam'iyyarsa, da ɗan ƙaramin da'ira a gefe. Mutum ya cike da'irar da alƙalami, ya zura takardar cikin na'ura. Wanda bai iya karatu ba doka ta ba shi damar zuwa da mataimaki, amma ban da ubangidansa na wurin aiki. Ko da haka, wani ya san sirrinsa. Wanda ya fi ƙuri'a shi ya ci, ko da ɗaya ce tazarar, babu zagaye na biyu.

Aikin yi

Ku karanta wannan lamba da ƙarfi, sannan ku rubuta ta da kalmomi: 713,000. Daga 435 ku cire kujerun Minnesota, nawa suka rage wa sauran jihohi? Wakili a Amurka ya yi shekara 30 a majalisa, sau nawa ke nan ya ci zaɓe?

Aikin gida: kowa ya rubuta sunan mazaɓarsa ta tarayya, da ƙananan hukumomin da ke cikinta, da sunan wakilinsa na yanzu. Wanda bai sani ba ya tambayi mai unguwa ko ofishin hukumar zaɓe na ƙaramar hukumarsa, ya zo da amsar a rubuce ranar darasi na gaba.