Shukar da ke ƙona fata: kurakuran da aka fi yi da ita

Masana na kiranta Heracleum mantegazzianum. Asalinta yankin duwatsun Kaukasus ne da ke tsakanin Turai da Asiya, a ƙarni na 19 aka kai ta Ingila don ƙawata lambu, yau kuwa ta mamaye bakin koguna a Turai da Arewacin Amurka.

Kuskuren da ya fi kowanne muni shi ne kai mata hannu don a tabbatar ko ita ce. Ruwan jikinta na da sinadarin da ke hana fata jure hasken rana. A take ba za ka ji komai ba. Sai rana ta bugi wurin, cikin kwana biyu ya yi bororo kamar ƙunar tafasasshen ruwa, tabon kuma kan daɗe bai ɓace ba. In ruwan ya taɓa ka, wanke da sabulu da ruwan sanyi nan da nan, ka rufe wurin, kada rana ta gan shi har awa 48. In ya shiga ido, wanke idon sosai ka nufi asibiti. Yara sun fi ba ni tausayi, domin karan shukar rami ne a ciki, sukan karya shi su yi wasa.

Wasu kuma tsawo kaɗai suke dubawa. Tana kai mita 5, amma sai ta shekara uku zuwa biyar kafin ta yi fure, kuma tun tana ƙarama dafin na nan. Dubi karan daga nesa: kauri, ɗigo-ɗigon shunayya, da farin gashi mai tauri. Tana da 'yan uwa masu farin fure irin nata, wannan ke sa a rikice.

Sara ta da injin yankan ciyawa ganganci ne, ruwan zai fantsama maka a fuska. Kada a ƙone ta, kada a zuba ta a taki. Shuka ɗaya na zubar da dubban iri, kogi ya kwashe su.

Rahoto ma ana ɓata shi. "Na ga wata muguwar ciyawa" ba ya kai ma'aikaci ko'ina. Ɗauki hoton karan, ganyen, furen da shukar gaba ɗaya, ka rubuta ainihin wurin da kimanin yawanta, ka tura wa hukumar muhalli ko ta gona ta yankin. Kada ka tsinko reshe wai don shaida, hoton ya wadatar.