Masu shirin hawan Sallah, a yi hattara da hatsi

Salamu alaikum 'yan uwa mahaya. Duk shekara idan Sallah ta matso sai mu fara ɗura wa dawaki dawa da dusa, wai su yi ƙiba kafin Hawan Daushe. Bara na yi wannan gangancin. Dokin da ya saba da kwano ɗaya na ninka masa dare ɗaya, da asuba na tarar yana tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayar cikinsa, gumi sharkaf.

Doki ba ya amai, kuma cikinsa ƙarami ne, abin da ya shiga sai dai ya wuce. Don haka ƙarin hatsi a riƙa yinsa kaɗan-kaɗan, cikin kwana 7 zuwa 10, a raba shi safe da yamma. A fara ba shi harawa tukuna. Ruwa kuwa kada ya yanke a turke, da zafin nan yana iya shan lita 40 a yini.

In ka ga yana son birgima ko kashi ya tsaya, ɗauke abincin, ja shi a hankali da ragama, ka kira likitan dabbobi nan take. Kada a ɗura masa komai ta baki, yana iya shaƙewa.