Yadda Ake Kula da Lambun Gida a Bazara Kafin Saukar Damina

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato, Kano da Maiduguri, babban aikin mai lambun gida shi ne ya tsare saiwar shukokinsa har ruwa ya sauka, domin ganyen da ya ƙone yana sake tohowa, amma idan saiwa ta mutu sai dai a koma sabuwar shuka.

Ban ruwa ya fi amfani da sassafe, tun ƙasa ba ta ɗauki zafi ba. Yayyafin da ake yi kullum da tiyo, wanda bai wuce saman ƙasa ba, yana hana saiwa nutsawa, sai ta tsaya sama inda rana ke gasa ta. Ya fi kyau a shayar sosai sau biyu ko uku a mako, sa'annan a tona gefen kwami da yatsa ko tsinke a duba ko danshi ya kai zurfin santimita 10 zuwa 15. Ƙasa mai yashi, irin wadda ta yawaita a Katsina da Maraɗi, ba ta riƙe ruwa, saboda haka tana buƙatar a riƙa komawa gare ta fiye da laka. Bayan an shayar, a lulluɓe gindin shuka da ɓawon gyaɗa, ɓuntun shinkafa ko busasshen ganye mai kaurin santimita 5, amma a bar tazara tsakaninsa da jikin itacen, don kada gara ta sami hanyar hawa.

Ciyawar tsakar gida, musamman ƙiri-ƙiri, takan yi ja a wannan lokaci, kuma mutane da yawa sukan ɗauka ta mutu har su kankare ta da fartanya. Sau da yawa tana nan da ranta a ƙarƙashin ƙasa. A tattara matacciyar da manjagara, a caccaka wuraren da sawu ya daddaɓe domin ruwa ya sami shiga, kuma idan za a yanke, kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayinta. Tsaidau da ƙarangiya a tuge su kafin su yi 'ya'ya. Aya-aya kuwa sai an haƙo ta da ƙwayarta, in ba haka ba za ta dawo da ruwan farko.

Wajen taki nake ganin an fi yin ɓarna. Zuba yuriya ko NPK a kan busasshiyar ƙasa cikin zafin Afrilu yana ƙona shuka. Kashin shanu ko na awaki da ya riga ya ruɓe shi ya dace a cakuɗa da ƙasar kwami yanzu, shi kuwa ɗanyen kashin kaji a tara shi gefe, a riƙa jiƙa shi ana juyawa har ya huce, ya daina wari mai hawa kai. Takin zamani ya jira damina ta kankama.

Kafin iskar farkon damina ta taso, a sare busassun rassan mangwaro da darbejiya da suka rataya kan rufi ko wayar lantarki, a datse zogale domin ya yi sabon toho daidai hannu, a kuma kwashe shara daga magudanar ruwa.

Ruwan farko yana yaudara, domin akan yi kwanaki masu yawa bayansa ba a sake samun wani ba. Wanda ke da abin ban ruwa yana iya shuka kuɓewa da alayyafo nan take. Wanda ya dogara da ruwan sama kuwa ya dakata da rama, yakuwa da dashen sabuwar ciyawa sai ruwa ya zauna, ƙasa ta jiƙa har ciki.