Yadda ƙungiyarku za ta nemi tallafin buɗe gidan renon yara a Maraɗi

Salamu alaikum ƴan uwa, musamman mata masu ƙungiyoyi. Duk wadda ke shiga kasuwa da hantsi ta san halin da ake ciki, uwa na tuyar awara da jariri a goye, mai shekara 3 na kewaya kaskon mai, in ba haka ba a bar shi gida hannun yarinyar da ya kamata a ce tana lakwal. Tallafi don irin yaran nan akwai shi, amma masu ba da shi suna zuba kuɗinsu ne inda suka ga aiki ya riga ya kama.

To abu na farko, ku fara da abin da ke hannunku. Ku samu zaure ko tsakar gida mai inuwa, mata biyu ko uku su riƙa karɓa-karɓa wajen tsaron yara, ku sayi kaye ku rubuta sunan kowane yaro, shekarunshi, ko yana da takardar haihuwa da karnen rigakafi, kullum a yi kiran suna. Wanga kaye wallahi ya fi doguwar wasiƙa daraja. Kuma mu ba baƙin tara kuɗi ba ne, tsarin Mata Masu Dubara nan jihar Maraɗi ƙungiyar agaji ta CARE ta fara shi a 1991 kafin ya bazu wasu ƙasashe, don haka in kuna da asusu ku nuna littafinshi.

Sai takardu. Babu mai ba mutum ɗaya kuɗin furoje, ƙungiya ake ba. Ku rubuta dokokin ƙungiya da takardar taron da kuka zaɓi shugaba, magatakarda da ma'aji, ku je meri ku tambayi yadda ake rajista. In ONG kuke son zama, wato ƙungiya mai zaman kanta ta aikin raya ƙasa, izinin daga ma'aikatar cikin gida yake fitowa a Yamai kuma yana ɗaukar lokaci, ni dai a ganina ƙungiyar unguwa ta ishe ku farawa. Ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, sa hannun mutum biyu.

Daga nan ku tsaida magana, jarirai za ku riƙe ko ƴan shekara 3 zuwa 5? Ƙofofin daban ne. Jarirai maganar lafiya ce, ku je CSI, wato likitar unguwarku, ku ƙulla da ungozoma da majo, cikin dosiyenku na neman tallafi a ga kwana 1000 na farko, wato daga ɗaukar ciki har yaro ya cika shekara 2, nono zalla har wata 6, awo, kunu mai gina jiki na hatsi da gujiya da waken suya, da yadda za ku gane tamowa da wuri ku tura yaro likita. Kada ku sa kuɗin magani da yawa, tun 2006 doka ta ce yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ake duba su, za a tambaye ku. Ƴan 3 zuwa 5 kuma ofishin sufeton ilimi za ku, su ne suka san ƙa'idar jardan na al'umma da horon masu kula da yara.

Maganar gini kam ina so ku tsaya kanta sosai. Babu ɗan Maraɗi da ya manta watan Nuwamba na 2021, gobara ta tashi a azuzuwan zana ta ci yara ƙanana sama da 20, Allah ya jiƙansu ya ba iyayensu haƙuri. Bayan nan ne gwamnati ta hana ajin zana ga ƴan jardan a duk ƙasa. Saboda haka ko da abu ɗaya tak za ku roƙa, ku roƙi ɗaki na bulo mai kwano da ƙofa mai faɗi wadda yara za su iya fita da gudu, murhu nesa da ɗakin, sai masai da ruwan wanke hannu. Kayan wasa su biyo baya, gwangwani da ƴar tsana ta tsumma ma suna yi. Kuma ku tabbata filin yana da takarda, kada a gama gini magada su taso.

Wa za ku tunkara? Ku fara da meri, ku nemi a sa aikinku cikin tsarin raya gari, don masu furoje nan suke fara dubawa. UNICEF na da ofishi a Maraɗi amma yawanci ta hannun ma'aikatun gwamnati da ONG take bi, shi ya sa sanin sufeto da likita ke da amfani. Sannan gaskiya kuɗin waje ya ragu, tun juyin mulkin Yulin 2023 wasu suka janye, a 2025 kuma Amurka ta rufe hukumarta ta tallafi, USAID. Kada ku raina na gida, alhazan garin nan da ƴan uwa da ke ci-rani in sun ga lissafi tsaf suna iya ɗaukar siminti ko kwano.

Dosiyen da Faransanci ake rubutawa, ku samu mushe ko ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ya taimaka, amma ku ku faɗa mishi abin da zai rubuta kuma ya karanta muku da Hausa kafin ku sa hannu. Shafi kaɗan ya isa: yara nawa, matsalar me, me kuka riga kuka yi, me ya rage. Farashi ku je kanti ku amso a rubuce, ban da ƙiyasi. Ku nuna gudummuwarku, yashi ne, ruwa ne, aikin ƙarfi ne, sannan ku amsa tambayar da ba ta taɓa rashin zuwa, in kuɗin ya ƙare wa zai biya masu reno? Ko tiyar hatsi ce ko ƴan daloli a wata, ku zauna da iyaye a yanke tun yanzu.

Duk wanda ya turo saƙo a WhatsApp wai ku aika jikka kaza a buɗe muku dosiye, ɓarawo ne, ku share shi.

In Allah ya sa an dace, ko ƙusa kuka saya ku amshi resi ku liƙa a kaye, hoton yara sai da yardar iyayensu, rahoto kuma ku kai shi ranar da aka ce ko da ba a tuna muku ba.