Kariyar lafiya ga mai tafiya ƙasa mai zafi

A fara shiri tun saura makonni huɗu zuwa shida a tashi. Katin allurar shawara ba ya aiki a kan iyaka sai allurar ta kwana 10, amma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa.

Sauro ne babban abin tsoro, kuma ba iri ɗaya ba ne. Mai kawo zazzaɓin cizon sauro yana fitowa daga magariba zuwa asuba, don haka gidan sauro mai magani wajibi ne, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa. Mai kawo dengi, wani zazzaɓin daban, kuwa da rana yake cizo, musamman da sassafe da yamma lis. A shafa man korar sauro mai sinadarin DEET kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari a hannu da wuya da idon sawu, inda aka fi mantawa.

Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro sai da shawarar likita, amma kuskuren da aka fi yi shi ne dainawa da zarar an dawo gida. Ƙwayar cutar tana laɓewa a hanta kafin ta shiga jini. Shi ya sa ake ci gaba da shan maganin doxycycline makonni huɗu bayan dawowa, atovaquone-proguanil kuma kwana bakwai. Wanda aka haifa a yankin sauro amma ya shekara da shekaru a waje, kada ya ce jikinsa ya saba: garkuwar nan tana dusashewa.

Ruwan sha a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sha na roba wanda ba a taɓa murfinsa ba. Ƙanƙara ba ta kashe ƙwayoyin cuta. Idan gudawa ta kama, a zuba cokalin shayi shida na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri a lita ɗaya ta ruwa, a riƙa kurɓa. In akwai jini a bayan gida ko zazzaɓi, kada a sha maganin tsayar da gudawa, a nufi asibiti.

A guji wanka a tafki ko rafi saboda tsargiya. Cizon kare ko biri, a wanke da sabulu na minti 15, a je allurar rigakafin ciwon haukan kare a ranar.

Zazzaɓi bayan dawowa, ko da an yi watanni, a gaya wa likita ƙasar da aka je, a nemi gwajin jini a ranar. Kafin sakamako ya fito farasitamol kawai za a sha, domin asfirin da ibuprofen suna ƙara zubar jini idan dengi ce.